Ku Karanta Takardar Tallafin Kafin Ku Kwance Kaya

Ƙannena da kuka sauka Amurka daga Gusau, Birnin Kebbi ko Argungu, sannunku da hanya. Yawancin yaranmu ba karatu ke kayar da su ba, kuɗi ne ke yanke musu a tsakiyar tafiya.

Ɗauko takardar tallafin da jami'a ta ba ka, ka bi ta layi-layi. Na shekara ɗaya ne, ko har ka kammala? Wane maki ake so ka riƙe? Wasu makarantu matsakaicin maki (GPA) 3.0 cikin 4.0 suke nema, kana sauka ƙasa da shi sai a janye. Duba kuma abin da tallafin bai ɗauke maka ba, kamar inshorar lafiya, haya da littattafai. Masu digiri na biyu da ke taya malami koyarwa ko bincike, sau da yawa alawus ɗinsu na wata tara ne, don haka a riƙa ajiye na hutun bazara tun yanzu.

Kada ka sa rai da tallafin gwamnatin Amurka irin Pell Grant, ba a ba mai bizar karatu ta F-1. Aiki kuwa cikin makaranta aka yarje maka, awa 20 a mako lokacin karatu. Wanda ya saci jiki ya yi aiki a waje ba izini yana wasa da bizarsa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙaramin bashi ke jawo babbar matsala. Da zarar ana binka, sai a toshe maka rajistar zango na gaba. Ɗalibin digirin farko kuma dole ya ɗauki darussa masu kiredit 12 a kowane zango, in babu rajista takardar I-20, wadda makaranta ke bayarwa don shaidar kai ɗalibinta ne, ta shiga haɗari, zaman ƙasar ma ya zama abin tambaya. Kuɗin gida ba a jingina da su gaba ɗaya: bayan da aka saki naira a 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a 2024. 'Yan Zamfara kuwa ba mu manta halin da ɗalibanmu suka shiga a Cyprus ba, da kuɗin makarantarsu ya makara.

Mu mutanen kunya ne, muna ɓoye rashi. Don Allah a nan ka ajiye ta. Ranar da Baba ya ce kuɗi za su yi jinkiri, ranar za ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje da ofishin kuɗi. Nemi a raba maka biyan kashi-kashi, ka tambayi ko suna da asusun agajin gaggawa. In ka cika shekara guda kana karatu, kuma matsin ya zo ba da laifinka ba, jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai iya taya ka neman izinin aiki a wajen makaranta.