Yadda Ake Gane Faifan Garmaho Bugun Farko Na Mawaƙan Blues Rock Na Ingila

Duk sabon shiga da na gani a wannan harka kuskurensa ɗaya ne, kwali yake saye ba faifai ba. Ya ga hoton bango ya yi daidai da wanda ya gani a intanet, ya ga 1967 a rubuce a baya, shi kenan ya tura kuɗi. Ni ma haka aka yi min. Na sayi Disraeli Gears na ƙungiyar Cream a hannun wani ɗan kasuwa a intanet, kwalin na asali ne tsaf, na kamfanin Reaction, amma da kaya ya iso na zaro faifan sai ga tambarin jar saniyar nan ta RSO a tsakiya, kamfanin da sai a 1973 ma aka kafa shi. Riga daban, mai riga daban. Ga kuɗin jirgi na biya, ga na kwastan. Toh bari in faɗa maka yadda nake yi yanzu.

Da farko ka taƙaita kanka. Kar ka ce duk wani faifan Turawa na da za ka tara, aljihunka ba zai ɗauka ba. Ni shawarata, kuma a wurina doka ce, ka tsaya kan bugun Ingila daga 1964 zuwa 1971. Nan ne ake da Blues Breakers na John Mayall da Eric Clapton na 1966, da Fresh Cream na shekarar, da faifan farko na Fleetwood Mac na 1968 lokacin Peter Green a kamfanin Blue Horizon na Mike Vernon, da Led Zeppelin na farko a 1969, da Free a kamfanin Island. Bugun Amurka na waɗannan ba shi nake nema ba, wani lokacin ma jerin waƙoƙin sun bambanta, Fresh Cream na Amurka an sa I Feel Free an cire Spoonful.

Na biyu, haddace lambobin da kamfani ke ba kowane faifai kamar yadda ka haddace lambar wayarka. Blues Breakers na kamfanin Decca mono (sauti mai hanya ɗaya) LK 4804 ne, sitiriyo (mai hanya biyu) SKL 4804. Disraeli Gears mono 593003, sitiriyo 594003. Fleetwood Mac 7-63200. Led Zeppelin na kamfanin Atlantic 588171, in ka ga K40031 to na baya ne, ka wuce abinka. Kuma duk kwalin da ka ga yana da zanen layukan nan da ake haskawa a kanti wajen biyan kuɗi, ba sai ka ɓata lokaci ba, a shekarun 1960 babu wannan a jikin faifai.

Sai takardar tsakiya. Decca na mono ja ne, na sitiriyo shuɗi, kuma a bugun farko sunan DECCA a sake yake, sai wajen 1970 suka sa shi cikin akwati. Island na farko ruwan hoda ne gaba ɗaya, daga baya aka koma mai hoton bishiya a kan tsibiri da ruwan hodar a gefe kawai. Atlantic na Ingila na farko ja ne da ruwan makuba, kore da ruwan lemo ya zo daga baya. Led Zeppelin na farkon kuwa shi ne kowa ke mafarki, wanda sunan ƙungiyar a kwali aka rubuta da shuɗi mai ɗan kore-kore kafin a mayar da shi ruwan lemo, a takardar tsakiya kuma akwai sunan Superhype Music a rubuce. Mai kyau yakan haura fam 1,000, shi ya sa ma ake buga kwalin jabu, in an yi maka tayinsa da arha ka san da walakin.

Yanzu ga inda nake so ka zauna da kyau, don nan ne mutane ke faɗuwa. Takardar tsakiya tana iya zama iri ɗaya shekara uku ko huɗu, kamfani yana ta bugawa bai canja ta ba. Abin da zai faɗa maka gaskiya shi ne ɗan filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takarda, inda allura ke zuwa ta yi ta zagaye. Ka ɗauki faifan da gefensa, ka karkata shi a hasken taga ko tocilan waya, za ka ga ƙananan lambobi an buga ko an karce da hannu. 'Yan harkar matrix suke ce musu. A faifan Decca mono za ka ga ARL ko XARL, sitiriyo ZAL, sai lamba, sai ɗan layi, sai wani abu kamar 1A. Wannan 1 ɗin yana nufin yankan farko da aka yi daga tef na asali, harafin kuma alamar injiniyan da ya yanka ne. In ka ga 4 ko 5 to an sake yanka sau da yawa kenan, sautin ma ba lallai ya zama ɗaya ba.

Misalin da nake ba kowa shi ne faifan farko na Rolling Stones, LK 4605, na 1964. Kwali ɗaya, lamba ɗaya, takarda kusan ɗaya, amma wanda gefe na biyu ke ɗauke da XARL 6272-1A shi ne mai gajeriyar waƙar Tell Me ta minti 2:52, wadda aka janye aka maye da mai minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Bambancin kuɗinsu kamar sama da ƙasa, kuma duk a ɗan harafin da ba ka iya gani sai ka matso da ido.

Ba a nan ya tsaya ba. Ka ɗauki faifan kamar agogo, wajen ƙarfe 9 akwai lamba, wajen ƙarfe 3 akwai harafi. Lambar ta uwar ƙarfen da ake kwafo ƙarfen bugu daga gare ta ce, harafin kuma yana nuna ƙarfen bugu na nawa aka yi amfani da shi, don ƙarfen cinyewa yake, na farko ya fi fitar da sauti garau. Decca da kalmar BUCKINGHAM suke ƙirga, B ɗaya, U biyu, C uku, haka har M goma. Kamfanin EMI kuma GRAMOPHLTD. Kenan faifan Decca mai 1 da B daga sahun farko ya fito. Sannan ka duba gefe biyun duka, kar ka yi lalaci, sau da yawa gefe ɗaya yankan farko ne ɗayan na uku. Wani lokacin kuma za ka ga an karce Porky ko Pecko, hannun George Peckham ne, injiniya ne da ya yi suna wajen yanka da ƙarfi. Duk mai sayarwar da ka ce ya turo maka hoton wannan fili ya fara kame-kame, wai kyamara ba ta ɗauka, ka bar masa kayansa.

Batun lafiyar faifai, Discogs, shafin cinikin fayafayai na intanet, ma'aunin mujallar Goldmine suke bi, NM (kusan sabo), VG+ (mai kyau sosai), VG (mai kyau) har ƙasa, 'yan Ingila kuma na mujallar Record Collector mai matakin EX, wato Excellent. Ni ban sayen ƙasa da VG+, kuma duk abin da mai kaya ya faɗa ina rage masa mataki ɗaya a raina. Karcen da farcenka ya ji, kunnenka ma zai ji. Kwali ana auna shi daban. Farashi kuma kar ka kalli abin da ake nema, ka kalli abin da aka saya, Discogs na nuna tarihin ciniki, shafin Popsike na ajiye sakamakon gwanjon eBay.

Wani ɗan ratse, kar ka raina kayan tsofaffi na gida. Decca da EMI duk sun yi harka a Legas, Ginger Baker mai gangar Cream ma ya zauna can a shekarun 1970, ya buɗe situdiyo a Ikeja, ya yi faifai da Fela. 'Yan bokon da suka yi karatu a Ingila lokacin sun dawo da fayafayai a akwati, wasu na nan a sito ƙura ta rufe. Sai dai ka karanta takarda da kyau ka ga inda aka buga, don akwai waɗanda a nan aka buga su.

Wanki, tataccen ruwan nan da ake zuba wa batir (distilled water, ba asid ba) da ƙyalle mai laushi, ka bi zagayen layin, kar ruwa ya taɓa takarda. Kar ka ɗora shi kan 'yar na'urar nan mai kama da jaka da ake sayarwa da arha, allurarta noma take a faifai. Ajiya a tsaye, ba a kwance ba, cikin leda saboda ƙurar hunturu, kuma a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato in ya samu faifai a mota ko kusa da taga, kafin la'asar ya lanƙwashe kamar faifan rufe tukunya.