Yadda ake sauya tsirkiyar bayolin ba tare da jaki ya faɗi ba

Ɗaya bayan ɗaya ake sauya su. Masu koyo sukan kwance tsirkiyoyin nan huɗu gaba ɗaya, wai don su goge ƙura, kuma daga nan ɓarna ke farawa. Jakin bayolin, wato ɗan itacen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa, ba a manna shi da gam ba, tsirkiya ce ke danne shi. A ciki kuma akwai ɗan siririn itace a tsaye, kusa da ƙafar jaki ta ɓangaren E, wato tsirkiyar da ta fi siranta. In matsi ya tafi siririn itacen nan yana iya faɗuwa, kuma tayar da shi sai gwani mai ƙarfen aikin, wanda ba nan kusa za ka same shi ba.

Ka sassauta tsohuwar, ka zare ta. Ka goga bakin fensir a ramin da take kwanciya a kan jaki da na can sama wajen wuya, don sabuwar ta riƙa zamewa. Ka maƙala gindinta, ka zura ɗaya bakin a hujin kunnenta, wato ɗan itacen da ake murɗawa a ɗaure ta, ya ɗan leƙo, sannan ka murɗa yadda za ta bi ta saman kunnen. Naɗin ya jeru, kada wani ya hau wani, yana tafiya wajen bangon da hannun kunnen yake. Kunnen tsirkiyar G na ƙasa a hagu, na D na samansa, na A na sama a dama, na E na ƙasa. Kana murɗawa kana ɗan tura kunnen ciki.

Yanzu sai jaki, inda aka fi shan kashi. Duk murɗawar da ka yi, tsirkiya na jan kansa gaba, wajen wuya, a hankali yadda ido ba zai lura ba. Bayan kowace tsirkiya ka ɗaga bayolin ka dube shi ta gefe. Bayan jakin, wato fuskar da ke kallon gindi, ya tsaya cak a kan allon fuskar bayolin, ƙafafunsa biyu sun zauna daram daidai 'yan tsagin da ke tsakiyar ramukan nan biyu masu siffar f da ke fuskar bayolin. In ya karkata, ka ɗora bayolin a cinya, ka kama saman jakin da hannu biyu, ka dawo da shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya ƙyale shi, ko dai ya lanƙwashe, ko wata rana ya kife da ƙara kamar an harba bindiga.

Tsirkiyar A ake sa wa a kan 440 a na'urar daidaita murya, daga ita ake daidaita sauran. Kada ka zarce, musamman E, nan take take tsinkewa. Ni dai tsirkiya ta ƙarfe nake ba mai koyo shawara: ta fi araha, ta fi saurin zama. Masu cikin nailan irin su Dominant sun fi daɗin murya, amma sai sun yi kwanaki suna saki, ga jabu a kasuwa.

Da hunturu itace na bushewa, kunnuwa su saki da kansu. Ka bar bayolin cikin akwatinsa, kada kuma ka bar shi a mota a zafin Afrilu. Ka share ƙaron shafa wa baka da ya zuba bayan kowane kiɗa. Mai kiɗa kullum ya sauya duk wata shida.

Kafin sababbin tsirkiyoyin su zauna, ka ajiye sabon darasi, ka koma kan waƙa mai sauƙi a D ko A, kana jan baka a hankali.