Yadda za ki shirya yaro in an rubuta masa gwajin sinadarin girma

Uwargida, in yaronki ya tsaya cak ƙannensa na wuce shi tsawo, kar ki fara da kantin magani na Aboabo ko Asawase ana haɗa miki sirof ɗin cin abinci, ɗauki katin awonsa ki nufi asibiti irin Komfo Anokye a Kumasi. Dokta zai fara duba abinci, sikila, tayiroyid (wata ƙwaya da ke maƙogwaro), ya ɗau hoton ƙashin hannun hagu, sai in waɗannan ba su nuna wani dalili daban ba a zo kan sinadarin girma.

Shi wannan sinadari wata 'yar ƙwaya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, take sakinsa, kuma ba kullum yake zuba ba, feshi-feshi yake fita, mafi yawa cikin barci mai nauyi. Shi ya sa ɗiban jini sau ɗaya da rana ba ya gaya wa kowa komai, dole a tsokano shi. Ɗaya daga cikin magungunan tsokanar shi ne lebodofa, wanda ake ba masu ciwon rawar jiki na Fakinsin, in ya shiga ƙwaƙwalwa sai ya zama dofamin, wani sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa, dofamin ya zaburar da wani sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamos, shi kuma ya aika wa fituwitari saƙon ta saki. Wasu likitocin klonidin ko gulukagon suke ba da.

To ranar gwaji yaro ba ci tun tsakar dare, ruwa zalla kawai in an yarda. Ba koko, ba ƙosai, ko alewa ɗaya kar kaka ta ba shi don tausayi, suga na danne sinadarin sai sakamako ya fito ƙasa alhali yaro lafiya lau, kuɗinki sun tafi. Za a sa masa allura a jijiya a bar ta, ana ɗiba duk minti 30 har wajen awa 2. Lebodofa na tada zuciya da jiri, wani har amai, ki zo da tawul da wata riga da abincin da zai ci bayan an gama. Duk maganin da yake sha ki faɗa tun kafin ranar.

In sakamako ya fito ƙasa kar hankalinki ya tashi, yawanci sai an sake da wani magani daban kafin a yanke.

Wallahi abin da ke damuna, kar wani ya karanta nan ya ce ashe dofamin na ƙara tsawo ya je sayen lebodofa. Tashin sinadarin girman na ɗan lokaci ne, gwaji ne kawai. Kuma a jikin babba mai ƙari a fituwitari, wanda zobe da takalmi suka daina shigarsa, haɓa ta fito, abin kan juye ga wasunsu, magungunan da ke aikin dofamin irin su bromokriftin da kabagolin sauke sinadarin suke. Likitoci a Milan ta Italiya suka lura da wannan juyewar da lebodofa a 1972. In akwai mai irin wannan a gida shi nasa gwajin daban ne, ruwan suga giram 75 ake ba shi a ga ko zai sauka.