Yadda Ake Haɗa Tattaki da Ganin Mai Ba da Shawara a Kaduna

Duk Bahaushe ya san yadda rakiya take. Baƙo zai zo gidanka, a kawo ruwa, a gaisa, a shafe awa guda ana hirar siyasa da tsadar masara. Sai ya miƙe ya ce zai koma, ka zura takalmi ka taka masa. Kuna kaiwa bakin kwalbati sai ya yi gyaran murya: "Af, dama akwai 'yar maganar da ta kawo ni." Abin da ya ƙi fita a zaure ya fito a hanya, don a hanya ba a haɗa ido, kuma ko an yi shiru ba ya yi wa kowa nauyi.

Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun lura da irin wannan. Maimakon a zauna a ofis, kujera na kallon kujera, sai mai neman shawara da ƙwararren su fita su yi zaman suna tafe a wuri mai itatuwa. Tsarin ya ƙara yaɗuwa a Turai da Amurka tun 2020, lokacin da korona ta hana haɗuwa a rufaffen ɗaki. Akwai kuma binciken da ke mara wa fita baya. A 2015 masana a Jami'ar Stanford sun gano cewa mutanen da suka yi tafiyar minti 90 cikin ciyayi da itatuwa sun samu sauƙin tunanin nan mai kai-komo a rai, saɓanin waɗanda suka bi gefen titi mai cunkoson motoci. Ga yadda za ka gwada shi a nan Kaduna.

Mataki na farko shi ne samun ƙwararre, kuma a ofis za ku fara. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana da likitoci da masana halayyar ɗan adam, haka ma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga masu zaman kansu a cikin gari. Na san da yawa daga jin sunan Barnawa sai gabansu ya faɗi, kamar sai wanda ya tuɓe riga a kasuwa ne ke zuwa can. Alhali mai rashin barci, da mai fargaba, da wanda rasuwa ta ƙi sakinsa duk suna cikin masu zuwa. Ku yi zama ɗaya ko biyu a ɗaki ya fahimci matsalarka, sannan ka tambaye shi ko zai yarda a riƙa fita. Ba kowa zai amince ba, wani dokar wurin aikinsa ce ba ta ba shi dama ba. In ya amince, ku yi maganar kuɗi tun a nan, kada a tsaya ciniki a gindin bishiya.

Akwai waɗanda wannan tsari bai dace da su ba tukuna. In tunanin kashe kanka ko cutar da kanka yana zo maka, ko kana jin muryoyin da wasu ba sa ji, asibiti za ka nufa yau, kuma ka sanar da wani na jikinka. In likita ya ɗora ka a kan magani, tattaki ba ya maye gurbinsa. Mai ciwon zuciya, asma, ciwon suga ko hawan jini ya faɗa wa likitansa kafin ya fara.

Na biyu, zaɓen wuri. Ƙofar Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogin Kaduna, yana da inuwa da wuraren zama. A can ne tsohuwar gadar Lugard take, wadda aka ɗauko daga Zungeru. Amma ka guje shi ranakun Asabar da Lahadi, balle lokacin Sallah, don yara da masu hoto ba za su bar ku ku ji juna ba. Ka riƙe canji saboda kuɗin shiga. Filin Murtala ya fi sauƙin zuwa, sai dai da sassafe rabin mutanen da ka sani suna can suna motsa jiki. Ni na fi son layukan cikin Unguwar Rimi da Malali, inda dogon yaro da mangwaro suka yi wa hanya rumfa, motoci kuma jifa-jifa. Kada neman itatuwa ya ruɗe ka ka ce sai ka fita bayan gari. Wajen Afaka ko hanyar Birnin Gwari ba wurin wannan ba ne, kowa ya san dalili. Kafin ranar, ka je kai kaɗai ka bi hanyar da ƙafa, ka ga inda akwai benci ko dakali, da inda karnuka suke, da inda za a fake in hadari ya taso.

Na uku, lokaci: daga ƙarfe shida da rabi zuwa takwas na safe, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. A watan Maris da Afrilu safiya kawai za ta yi. Da hunturu, ranar da hazo ya sauko a sa takunkumi ko a koma ɗaki. A Agusta da Satumba kogi kan cika ya yi ambaliya, a nisanci gaɓa.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci a garinmu, kuma shi ake mantawa: me za ku yi in kun haɗu da wanda ya san ka? A ƙasashen da tsarin ya fito, mutum na iya ɗaga wa maƙwabcinsa hannu ya wuce. Mu kuwa gaisuwa ba ta da gajeriyar hanya. Kana tsakiyar faɗin abin da ko matarka ba ka taɓa faɗa wa ba, idonka ya kawo ruwa, sai ga babur ya tsaya. Abokin mahaifinka ne. "A'a, ɗana, kai ne a nan da sassafen nan? Ya mutan gidan? Wannan bawan Allah fa, ban waye shi ba." Dole ka rusuna ka amsa, shi kuma yana jiran bayani. Don haka ku shirya amsar tun a ofis. Ba sai ka yi ƙarya ba: "Baba, tare muke motsa jiki" gaskiya ce, ta kuma isa. Ku amince cewa shi ƙwararren ba zai gabatar da kansa ba, zai gaisa ya ɗan matsa gaba ya jira ka. In wanda ya san shi ne aka haɗu da shi, kai ma haka za ka yi. Ku tsayar da wata alama, ko da taɓa hula ce, mai nufin a sauya zance akwai mai tahowa. Sunayen mutane kuma a bar su a gida. "Wancan mutumin" ko "ita Hajiyar" ya wadatar, don ba ka san wa ke bayan katanga ba.

Ke kuma 'yar'uwa, lamarinki ya ɗan fi haka. In aka gan ki kina tafe da namijin da ba a sani ba, kafin ki iso gida labari ya riga ki. Ki nemi ƙwararriya mace. In ba ta samu ba, ki taho da yayarki ko ƙanenki, ya biyo ku a baya da tazarar da zai gan ku amma ba zai ji ku ba.

Sai tafiyar kanta. Zama irin wannan yakan ɗauki minti 45 zuwa 50, tattakin ma haka. Ka sa takalmin da ba ya cizo, ka riƙe gorar ruwa, ka sa waya a shiru. Kai ne mai tsara sauri, kuma ma'auninsa shi ne ka iya magana ba tare da haki ba. Minti goma na farko a bar jiki ya saki, a faɗi yadda makon ya wuce. Daga nan a shiga gundarin maganar. Za ka ga in zance ya yi zafi ƙafarka tana ƙara sauri ba ka sani ba, in ya yi nauyi kuma tana ja. Ƙwararren da ya san aikinsa zai lura ya tambaye ka me ke faruwa a ranka a daidai wannan gaɓar. In kuka ya zo, ku tsaya a dakalin da ka gani tun ranar bincike, ku juya wa hanya baya. In fargaba ce ta taso, ƙirji ya ɗaure, ka tsaya ka lissafa abu biyar da kake gani, huɗu da kake iya taɓawa, uku da kunnenka ke ji: ganyen da ya bushe, ɓawon bishiya, kukan kurciya, ƙarar Keke Napep daga nesa. Hakan yana dawo da hankali wurin da kake tsaye. Minti goman ƙarshe, a hanyar komowa, kada a buɗe sabon babi. A tattara abin da aka tattauna, a tsayar da abin da za ka gwada kafin haɗuwa ta gaba.

Bayan fita huɗu, ku zauna ku duba. Barci ya gyaru? Kana iya faɗin abin da ke ranka a waje, ko kullum idonka na kan hanya kana tsoron wa zai ɓullo? In na biyun ne, ku koma ofis, ko ku riƙa yin mako ɗaya ciki mako ɗaya waje. Wasu maganganun, musamman na cin zarafi, sun fi son ƙofa a rufe.

Tsakanin haɗuwa da haɗuwa ka riƙa fita kai kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Ranar da kuka yi zama kuma, kada ka faɗa cunkoson Kawo ko na kasuwar Gumi kai tsaye. Ka samu mai shayi ko mai ƙosai ka zauna minti goma, ka rubuta abu biyu ko uku da suka tsaya maka a rai a takarda ko a waya, ka zo da su mako mai zuwa.