Darasi na 9: Haruffa Masu Ban Tsoro a Tambarin Ƙaramar Sana'a

Duk wanda ya buɗe kwamfuta domin ya rubuta sunan sana'arsa zai tarar da cewa harafi ɗaya yana da siffofi masu yawa, kuma kowane rukunin siffofi ana kiransa salon haruffa. Masu aikin ɗab'i sun kasa salon haruffa gida biyu. Akwai na karatu, wato irin wanda ake buga littattafai da jaridu da shi, wanda ido ke bi layi bayan layi ba tare da gajiya ba. Akwai kuma na ado, wanda aka ƙirƙira domin kalma ɗaya ko biyu da aka rubuta da girma, kamar sunan shago ko kan takardar talla. Haruffa masu ban tsoro suna cikin rukuni na biyu, kuma su ne abin da za mu duba a wannan darasi.

Za ku gane su da zarar kun gan su. Wasu suna kama da jini na ɗiga daga ƙasan harafi, wasu kamar an karce su da farce a jikin bango, wasu kuma a karkace suke kamar hannun mai rubutun yana rawa. Chiller, wanda aka fitar a 1995 kuma yake zuwa tare da Microsoft Office, yana daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. A rumbun Google Fonts, wanda aka buɗe a 2010, akwai Creepster da Nosifer da Butcherman. An fi neman irin waɗannan haruffa idan bikin Halowin ya ƙarato, wato 31 ga Oktoba, musamman a Amurka da Ingila, inda shaguna ke ƙawata tagoginsu da abubuwan ban tsoro na wasa.

Abu na farko da ya kamata mai sana'a ya fahimta shi ne, siffar harafi tana isa zuciyar mai kallo kafin ma'anar kalmar ta isa. Mai wucewa zai ji wani abu game da shagon tun bai haɗa baƙi da wasali ba. Saboda haka ku tambayi kanku, shin abin da haruffan ke faɗa ya dace da abin da kuke sayarwa? Mai sayar da littattafai ko finafinai na ban tsoro, da mai gidan wasannin kwamfuta, da mai ɗinka kayan shigar wasan kwaikwayo, duk suna iya cin moriyar wannan salo, domin abokan cinikinsu daman irin wannan yanayi suke nema. Amma kantin magani da aka rubuta sunansa da haruffa masu ɗigar jini ya kori mara lafiya tun daga bakin ƙofa, haka ma wurin renon yara ko ofishin mai kula da lissafin kuɗi. A ganina, sana'ar da ta dogara da amana da kwanciyar hankali ba ta da abin yi da wannan salo, ko da ya burge mai ita.

To, a ce salon ya dace da sana'arku. Ku tsayar da shi a kan suna kaɗai. Lambar waya da adireshi da lokutan buɗewa da rufewa, duka a rubuta su da salon karatu marar ado, irin su Arial ko Noto Sans. Dalili kuwa shi ne, ado yana cinye ƙananan alamomin da ke bambanta harafi da ɗan'uwansa. Idan aka lanƙwasa 1 sai ta koma kamar 7, idan ɗigo ya rufe bakin 3 sai ta zama 8, kuma wanda ya kira lambar da ba taku ba, da wuya ya sake dawowa ya duba allon. Salo biyu sun wadatar a tambari ɗaya, na ado a sama, na karatu a ƙarƙashinsa.

Girma ma yana da nasa hukunci. Masu rubuta alluna suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa kowane inci ɗaya na tsayin harafi ana karanta shi da kyau daga nisan ƙafa 10, wato kusan santimita 2.5 ga kowace mita 3. Wannan ƙiyasi na haruffa ne marasa ado, don haka mai ado yana bukatar ya fi haka girma. Sannan a kula da launi. Ja mai duhu a kan baƙi shi ne haɗin da aka fi so a wannan salo, amma shi ne kuma ya fi saurin ɓacewa da magariba ko a fuskar waya. Ƙa'idojin sauƙaƙa karatu a intanet sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai ninki 4.5 ga ƙaramin rubutu, ninki 3 ga babba. Fari ko ruwan ɗorawa a kan baƙi ya fi aminci.

Akwai wata matsala da ta shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Yawancin haruffan ado an zana su ne domin Turanci, ba su ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan kuka rubuta kalma mai ɗaya daga cikinsu, ko dai kwamfuta ta nuna akwati fanko a wurin harafin, ko kuma ta aro shi daga wani salo dabam, sai ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo. Wasu sukan kauce wa wannan ta hanyar jefar da lanƙwasar, alhali ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka ma ɓari da bari. Kafin ku ƙulla zuciyarku a kan wani salo, ku rubuta waɗannan haruffa huɗu da shi, manya da ƙanana, ku ga abin da zai fito. Idan babu su kuma sunan sana'arku yana bukatar su, ko ku nemi wani salo, ko ku sa mai zane ya ƙara lanƙwasar da hannu, in dai lasisin ya yarda.

Batun lasisi kuwa ba abin wasa ba ne. Salon haruffa aikin wani ne, kuma samunsa kyauta a intanet ba ya nufin an halatta yin kasuwanci da shi. Da yawa an rubuta a takardar da ke tare da su cewa don amfanin kai ne kawai, ma'ana sa su a tambari ko a kayan sayarwa sai an biya. Mafi yawan waɗanda ke Google Fonts suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda a yi kasuwanci da su. Ku karanta takardar, ko ku sa a karanta muku, sannan ku adana ta.

Idan za ku kai aikin maɗaba'a, ku kai shi a matsayin PDF wanda aka saka haruffan a cikinsa, domin kwamfutar da ba ta da salon za ta musanya shi da wani ba tare da ta sanar da kowa ba. Ku kuma tambayi mai aikin ko siraran layuka da ɗigo-ɗigon za su fito a hatimi ko a ɗinkin riga, tun da zare da roba ba sa riƙe ƙananan bayanai yadda takarda ke riƙe su. Wanda yake shakka yana iya barin tambarinsa na dindindin yadda yake, ya gwada salon a takardar talla ta ɗan lokaci.

Aikin da za ku yi kafin darasi na gaba shi ne wannan. Ku buga sunan sana'arku da salon da kuka zaɓa a girma biyu, ɗaya ya cika takarda, ɗaya kuma kada ya wuce faɗin babban yatsa, kamar yadda zai bayyana a hoton shafin Facebook. Ku manna babban a bango, ku sa mutum uku da ba su san sunan ba su tsaya nesa da shi taku goma su karanta da ƙarfi, sannan ku miƙa musu ƙaramin. Ku rubuta duk harafin da wani ya yi tuntuɓe a kansa, da kuma irin sana'ar da kowannensu ya zaci kuna yi, ku zo da takardar aji.