Yadda ake gyara fentin jita idan ya ɓantare ko ya ƙarzu

Wannan ƙyallin da ake gani a jikin jita fenti ne garai-garai da aka fesa a kan launi ko a kan katakon, kuma ya fi yadda ido ke zato siranta. A jitar da aka yi wa aiki mai kyau kaurinsa bai wuce milimita 0.1 zuwa 0.2 ba. Shi ya sa yawancin jitocin da suka lalace a hannun mai gyara ba raunin farko ne ya lalata su ba, samfefa ce da gaggawa. Ɓantarewar da ba ta wuce ƙwayar gero ba sai ta koma tabo mai faɗin tafin hannu, don kawai an goge wurin kafin cikon ya bushe.

Fara da sanin irin fentin

Kada ka ɗiga komai a jikin jita sai ka san da me aka rufe ta, domin maganin wani fentin dafi ne ga wani. Iri uku ne za ka fi haɗuwa da su.

Na farko shi ne naitiro, fentin da masana'antar mota ta Amurka ta fara amfani da shi a shekarun 1920, daga baya masu ƙera jita suka ɗauka. Gibson har yau da shi suke fesa jitocinsu na Amurka, haka Martin a manyan jitocinsu, haka tsofaffin Fender kafin kamfanin ya koma wani fentin wajen 1968. Halinsa shi ne ba ya daina narkewa: ko ya shekara hamsin, in sabon naitiro ya sauka a kansa sai su narke su zama abu guda. Na biyu shi ne foli, wanda ke kan kusan duk jita mai sauƙin kuɗi da ake samu a kasuwa. Shi da zarar ya daskare ya gama, tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ba ta narka shi. Na uku shalak ne, wanda ake shafawa da hannu a wasu jitoci masu tsirkiyar nailan, kuma sifirit ke narka shi.

Gwajin ba wuya. Nemi wurin da ido ba ya gani, kamar ƙarƙashin farantin robar da ke fuskar jita, ko ƙarƙashin ɗaya daga makunnan tsirkiya bayan ka kwance shi. Jiƙa kan tsinken auduga da sifirit ka taɓa wurin na daƙiƙa goma. In ya yi danƙo, akwai yiwuwar shalak ne. In bai yi ba, sake gwadawa da asiton, wanda ake samu a ruwan goge jan farce. Ya yi laushi ko ya kama audugar, naitiro ne. Bai ko dusashe ba, foli ne. Ka kula da kwalbar asiton ɗin, ka aje ta a wani teburin dabam, domin ɗigo ɗaya a fuskar naitiro ya isa ya bar tabo.

Kayan aiki

Za ka buƙaci sabuwar reza mai baki ɗaya, salatif, tef ɗin takarda, tsinken sakace, samfefar ruwa mai lamba 600, 800, 1000, 1500 da 2000 (mai babbar lamba ta fi laushi), abin goge fensir mai kusurwa huɗu, tsumman auduga mai laushi, man laita don wanke maiƙo, da man goge fenti mai laushi. Samfefa masu manyan lambobi da man gogewar a wurin masu sayar da kayan fentin mota ake samunsu, ba a wurin kafinta ba. Sai abin cikon kansa: naitiro garai-garai in fentin naitiro ne, sufa gulu mai tsinkewa ko mai matsakaicin kauri in foli ne.

Ka duba man gogewar kada ya zama mai silikon. Silikon yana shiga cikin tsaga ya zauna, duk fentin da aka ɗiga daga baya sai ya riƙa guje wa wurin yana barin ƙananan ramuka.

Karce na sama-sama

Ja farcenka a hankali ka tsallake karcen. In farcen bai maƙale ba, ba sai an cike ba. Wanke wurin da man laita, ɗiga man gogewa kaɗan a tsumma, ka murza kana zagayawa na minti ɗaya ko biyu, ka share ka duba a haske. In akwai saura, sa samfefa 2000 da ruwa kaɗan, shafa biyar ko shida, sannan ka koma kan man. In farcen ya maƙale, karcen ya yi zurfin da goge shi zai cinye fentin da ke gefensa, don haka cike shi za a yi.

Cike wurin da ya ɓantare

Nan ne ainihin aikin. Fara da tsabtace ramin. Cire ɓarɓashin fentin da ke lilo da bakin reza, amma kada ka faɗaɗa ramin. Goge da man laita ka bar shi ya bushe. In kana ganin gefen ramin ya yi fari, alamar fenti ya ɗago daga katako ke nan, iska ta shiga ƙarƙashinsa. A naitiro, taɓa gefen da ɗan mitsitsin ɗigon tina a bakin tsinke, zai narke ya kwanta, farin ya tafi. A foli, sufa gulu mai tsinkewa zai kutsa ƙarƙashin da kansa.

In ramin ya kai har katako kuma jitar mai launi ce, launi ake fara sawa kafin ciko. A ƙasan ramin ake sa shi, siriri, a bar shi ya bushe sarai. Ka sa shi ya ɗan fi na jikin jitar haske, domin cikon da zai hau kansa yana ƙara masa duhu. Gwada a kan guntun katako tukuna, ka ɗiga cikon a kai, saboda in da alƙalamin maka (marker) ka sa launin, tawadar wasunsu tana narkewa cikin gulu ta koma shuɗi-shuɗi ko shunayya. Baƙi ya fi kowane launi sauƙin dacewa. Launi mai ƙyalƙyalin azurfa kuwa kusan ba ya ɓoyuwa, gara a cike shi da garai-garai kawai a kare katakon. Tsohon naitiro yakan yi rawaya da shekaru, sabon ciko a kansa sai ya fito fari tas, don haka a ɗan rina shi da launin ruwan zuma.

In naitiro ne, zuba kamar rabin cokalin shayi a murfin kwalba na ƙarfe, ka bar shi a buɗe har ya yi kauri yana bin tsinke a hankali. Ɗauki ɗigo ɗaya da tsinken sakace ka sauke a tsakiyar ramin, ka bar shi ya malala zuwa gefe da kansa. Kada ka juya shi, juyawa ke sa kumfa. Kashegari za ka tarar ya lotsa, kamar ba ka sa komai ba. Haka yake, domin mafi yawan abin da ke cikin ɗigon tina ce, kuma tashi take yi ta bar ɗan abin da ya rage. Ƙara wani ɗigon, jira kwana guda, ka maimaita har sai cikon ya ɗan taso sama da fuskar fentin. Rami mai zurfi yakan ci ɗigo huɗu zuwa shida.

Daga nan sai jira, mako biyu a ƙalla, uku ko huɗu sun fi. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Saman cikon yana bushewa cikin awanni, amma cikinsa yana ci gaba da tsukewa. Wanda ya daidaita shi a kwana na uku zai ga aiki ya yi sumul, bayan wata guda ya tarar da ɗan kwari a wurin. Hanyar dubawa ita ce ka danna farce a hankali a kan tudun cikon: in ya bar shaida, bai yi ba. Ka kuma sa hanci, in har yana warin tina, da saura.

In foli ne, aikin ya fi sauri. Kada ka matsa gulu daga bututunsa kai tsaye a jikin jita. Ɗiga shi a kan guntun leda, ka ɗauka da tsinke. Yi shi shimfiɗa-shimfiɗa, siriri, kana barin kowace ta bushe kamar awa ɗaya, domin ɗigo mai kauri yakan bushe a sama ya bar ruwa a ciki, ko ya yi fari. Ruwan da ake fesawa don gulu ya kama nan take ma yana jawo wannan farin, gara a haƙura da shi. In ya taso sama da fuska, bar shi ya kwana. Sai dai ka sani tun yanzu cewa gulu ba ya narkewa cikin foli, manne masa kawai yake yi, saboda haka in an karkata jitar a haske za a ga siririn zobe a gefen cikon. Hannu ba zai ji shi ba, kuma wannan shi ne iyakar abin da foli ke bayarwa. Wasu na cike naitiro da sufa gulu don gudun jira. Yana kamawa, amma ya fi naitiro tauri, sai samfefa ta riƙa cin gefen ta bar tsakiyar, kuma zoben yana fitowa ƙarara daga baya.

Daidaita tudun

Da reza ake kankare tudun, ba da samfefa ba, don samfefa ba ta bambance ciko da lafiyayyen fenti. Ɗauki sabuwar reza, ka goga bakinta sau biyu ko uku a jikin ƙarfen sukurdireba, a ɗan karkace, ta gefe guda. Bakin zai ɗan lanƙwashe, za ka ji shi da yatsa. Naɗa salatif falle ɗaya a kowane ƙarshen bakin, ka bar tsakiya a buɗe daidai faɗin cikon da ɗan ƙari. Salatif ɗin ne zai riƙa zamewa a kan lafiyayyen fenti, tsakiyar kaɗai ke kankara. Riƙe rezar kusan a tsaye, lanƙwasar tana fuskantar inda kake ja, ka riƙa ja a hankali ba dannawa. Farin gari mai laushi zai riƙa fitowa. In rezar ta daina ci, tudun ya sauko daidai kaurin salatif.

Ragowar kuma da siririyar samfefa. Yanka 600 ko 800 tsiri-tsiri, faɗin kamar milimita 6. Ɗora tsirin a kan cikon, danne shi da kan yatsa, ka zare shi da ɗaya hannun. Ta haka wurin da yatsanka yake kaɗai ake ci. Bayan kowane ja uku ka share ka duba. Muddin akwai zobe mai sheƙi kewaye da cikon, tudun bai gama sauka ba. Da wannan zoben mai sheƙi ya ɓace, tsaya.

Yanzu naɗa samfefa 1000 a jikin abin goge fensir, jiƙa da ruwa mai ɗigon sabulu, ka shafa wurin da ɗan kewayensa. Bi da 1500, sannan 2000, kowace lamba tana share sawun wadda ta gabace ta. Riƙa duba ruwan da ke fitowa. Fari ne, kana cikin fenti garai-garai. Ya fara ɗaukar launin jitar, ka huda zuwa launi, ɗaga hannu nan take. Gefuna da kusurwoyi su ne fenti ya fi siranta, ka rufe su da tef ɗin takarda, ka kuma cire tef ɗin a ranar, kada ya kwana a kan naitiro. Ruwa ma kada ya kai ramin sukuru ko tsaga, in ya shiga katako zai kumbura ya tsaga fentin da ke kewaye. Kammala da man gogewa a tsumma har sheƙi ya dawo. Jitar da fentinta dusashe ne tun asali ba a yi mata wannan matakin, don man zai bar mata tabo mai ƙyalli, a tsaya a 1500 ko ƙasa da haka.

Lotsawa, farin hazo da tsattsagewa

In katako ya lotsa amma bai yanke ba, kuma fentin wurin ya riga ya ɓare, tururi na iya ɗago shi. Ɗora ninkin tsumma mai danshi a kan lotsawar kaɗai, ka taɓa da kan ƙarfen narka dalma na daƙiƙa biyu ko uku, ka ɗaga ka duba. Bar shi ya bushe kwana guda kafin ciko. In fentin bai fashe ba kada ka gwada, zafin zai tayar da shi, cike lotsawar kawai za a yi.

Farin hazo a sabon cikon naitiro laima ce ta maƙale ciki lokacin da tina ke tashi. Ya fi faruwa da damina. Sau da yawa ɗigon da zai biyo baya yana narkar da shi, in an yi a ɗaki mai bushewa. Da hunturu kuwa ƙura ce matsalar, ka kifa kofi a kan wurin, ka ɗan tokare gefensa iska ta riƙa fita. Naitiro da tina suna kama wuta da sauri kuma warinsu na cutarwa, a yi aikin taga a buɗe, nesa da risho da sigari. Sufa gulu kuma yana zafi in ya haɗu da auduga, kada ka share shi da ita.

Ƙananan tsagogi masu kama da yanar gizo a tsohon naitiro suna zuwa ne in jita ta fita daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya, katako da fenti suka motsa ba tare ba. A tsohuwar jita mai daraja a bar su, masu saye sun fi son fentin asali da tsagoginsa a kan wanda aka sabunta. Abin da ya kamata a bambance shi ne tsagar fenti da tsagar katako. Jita ta fi son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturu kuwa yana saukar da ita ƙasa da haka sosai. In ka ga tsaga doguwa tana bin layin katako a fuskar jita, danna gefenta a hankali. Gefe ɗaya ya motsa, ko ka haska fitila a cikin jitar ka ga tsagar ta ciki, katako ne ya tsage. Sassauta tsirkiyoyi, kada ka zuba mata gulu ko man gogewa, sai an haɗe katakon an tokare shi ta ciki kafin a taɓa fenti.

Akwai kuma tabon da robar mazaunin jita, ko maɗaurin kafaɗa na leda, ko turare, ko maganin sauro na shafawa ke yi wa naitiro. Wurin yakan yi laushi yana danƙo. Raba shi da abin da ya jawo, ka bar shi a iska makonni har ya taurare, sannan ka bi shi da samfefa 1500 da 2000 da man gogewa, ko ka cike in ya zurma. Robar mazaunin kuma a naɗe ta da farin tsumman auduga kafin a sake jingina jitar.