Yadda nake gwada molekul mai gwauron elektron a tsakanin zinariya biyu

Aikina auna lantarkin da ke ratsa molekul (ƴar dunƙulen zarra da suka haɗu) guda ɗaya ne, kuma wanda na fi so shi ne radikal, wato molekul mai elektron ɗaya da ba shi da abokin zama. Gwauron nan yana da ɗan maganaɗisunsa, kuma shi muke so ya riƙa sarrafa lantarkin da ke wucewa.

Fara da zaɓen radikal mai juriya. Wanda masanin sinadarai Gomberg ya gano a 1900, da ya haɗu da iskar oksijin ya lalace. Ni PTM nake ɗauka, wato irin na Gomberg ɗin da aka sa wa kulorin, domin zarrar kulorin sun kewaye kabon ɗin tsakiya kamar ganuwa. Wani radikal mai suna TEMPO ma yana jure iska, sai dai gwauronsa a maƙale yake tsakanin naitirojin da oksijin, sau da yawa nesa da hanyar lantarkin.

A sa wa molekul ɗin salfa a kai da gindi don ya kama zinariya. A narka shi tsararo, kamar milimol 0.1 a kowace lita, a ɗiga a kan farantin zinariya. Sai ka nutsa tsinin zinariya na na'urar STM (na'urar duba zarra da tsini mai kaifi) cikin farantin, ka janye a hankali, kana ba da lantarki mai ƙarfin milibolt 100. Wayar zinariyar da ta haɗa tsinin da farantin za ta sirance har ta zama zarra ɗaya, mai wucewar lantarki kusan maikrosimens 77.5, sannan ta tsinke. In molekul ya shiga giɓin, layin awon zai ɗan tsaya kafin ya faɗi. Maimaita sau dubbai. Awo ɗaya ba hujja ba ne.

Inda na taɓa yin asarar makonni shi ne ɗauka cewa gwauron yana nan bayan ya taɓa ƙarfe. Zinariya kan karɓe elektron ɗin ko ta ƙara masa wani, sai ka auna molekul na yau da kullum ba ka sani ba. An ga haka da wani radikal da ake kira Blatter a cikin ruwan narki. Don haka nake duba samfurin da EPR, na'urar gano gwauron elektron, kafin gwaji da bayansa (TEMPO layi uku yake nunawa), in kuma auna tagwayensa, wanda haidirojin ya cike gurbin gwauron. In sakamakonsu ya zo ɗaya, alama ce gwauron ba ya tasiri, sai in koma baya.

Wanda ke da na'urar sanyaya har ƴan digirin Kelbin, ya nemi tudun Kondo, wato hawan da layin awon kan yi saboda gwauron, a daidai sifilin bolt, kamar yadda aka gani da PTM a Delft ta ƙasar Holan a 2015. Ɗora maganaɗisu mai ƙarfi: in gwauron ne, tudun zai rabe biyu.